Katako Mai Fuska Biyu a Tsakiyar Tebur

Kafin watan Satumba ya raba, shagunan kayan gida a Amurka sun riga sun rine: ruwan goro, ja, rawaya, ruwan ƙasa. Kabewa ta cika ƙofar kantuna, ta gaske da ta roba. Dalilin wannan rini yana can waje, a kan bishiyoyi. A jihohin arewa maso gabas irin su Vermont, idan yini ya fara gajarta, sanyi ya soma sauka, koren da ke jikin ganye yakan ƙare, sai rawayar da ya danne tun farkon shekara ta bayyana, wasu ganyayen ma su haɗa sabon jan launi kafin su kaɗe. Mutanen can suna son cikin gida ya bi sawun abin da ke faruwa a waje.

Kalandar tasu kuma ba ta barin mutum ya huta. Halowin na zuwa ranar 31 ga Oktoba. Bayansa sai Ranar Godiya, wadda Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana a 1863, majalisar ƙasar kuma ta tsayar da ita a kan Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba a 1941. Ba a gama wanke kwanukan talotalo ba, ja da kore na Kirsimeti sun iso. Bazara na da furanninta, ranar 'yancin kai ta 4 ga Yuli na da ja da fari da shuɗi irin na tuta. Da yawa daga cikin waɗannan bukukuwa a gaban dogon teburin cin abinci ake yin su, shi ya sa tsakiyar teburin ta zama wurin da uwargida ke nuna cewa ta san lokacin da ake ciki.

Abin da aka saba shimfiɗawa a wurin shi ne wani dogon ƙyalle siriri, faɗinsa kamar sulusin faɗin teburin, ana barin bakinsa ya sauko kaɗan ta kowane gefe. Kyau kam yana da shi, sai dai miya na ɓata shi, kakin kyandir na maƙale masa, kullum kuma yana neman wanki da guga. Daga nan ne wasu suka koma ga katako: dogon allo mara kauri, mai tsawon mita ɗaya ko ɗaya da rabi, a yi masa fenti da zane, a ajiye a tsakiya, a jera kyandir da tulun fure da ƙananan kabewa a kai. Tunda katako ba ya saukowa ta gefe kamar ƙyalle, dole ya gaza teburin tsawo, a bar wa mai zama a kowane ƙarshe wurin farantinsa. Masu dabara sukan yi wa fuska ɗaya adon kaka, ɗayar adon Kirsimeti. Ranar da Nuwamba ta ƙare, a kife shi kawai.

Talabijin da intanet ne suka yaɗa abin. Shirin Fixer Upper na tashar HGTV, wanda Chip da Joanna Gaines suka gabatar daga garin Waco na jihar Teksas tsakanin 2013 da 2018, ya sa miliyoyin mutane sha'awar adon da ke kama da na tsohon gidan gona: farin fenti, katako a fili, kayan da suka yi kamar sun sha jiki. Dandalin Pinterest, da aka buɗe a 2010, ya cika da hotunan irin waɗannan ayyuka, Etsy kuma ya ba masu yi a garejin gida kasuwar sayarwa.

Amma yi wa katakon gida zane ya girmi talabijin nesa ba kusa ba. A ƙauyukan Norwe, musamman yankunan Telemark da Hallingdal, tun ƙarni na 18 ake wani salon zanen furanni masu lanƙwasa a kan akwatuna da kwanukan katako da bangon ɗaki, ana kiransa rosemaling. Wani mai suna Per Lysne ya zo da wannan hannu garin Stoughton na jihar Wisconsin a 1907. Ya yi shekaru yana fentin kekunan doki a masana'anta, da tattalin arziki ya karye a shekarun 1930 aikin ya tsaya, sai ya koma zanen gargajiyarsu. Manyan farantan katako da yake zanawa don teburin biki su ne suka fi fito da sunansa. A jihar Ohayo kuma, a 2001, wata mata mai suna Donna Sue Groves ta kawo shawarar a zana fasalin bargon faci a kan babban katako, a kafa a jikin rumbun gona, don girmama mahaifiyarta mai ɗinkin irin wannan bargo. Abin ya tashi daga gundumar Adams ya bazu jihohi da yawa. Waɗannan murabba'ai da taurari masu kaifin kusurwa su ne yau ake ƙanƙantawa a jera a kan katakon tebur, domin ko wanda bai iya zanen fure ba zai iya ja layi da rula.

Sabon shiga yakan ɗauka aikin duka fenti ne. Yakan yi kwanaki yana zaɓen launi, ya yi minti biyar wajen zaɓen katako. Kafinta zai gaya masa ya juya lissafin.

A manyan shagunan kayan gini irin su Home Depot da Lowe's, katakon fayin ne mafi araha, shi ne kuma akasari ke saye. Tarkon farko yana cikin sunan ma'auni. Katakon da aka rubuta masa inci 1 da inci 6 ba haka yake ba idan an ɗora masa awo: kaurinsa kashi uku cikin huɗu na inci ne, faɗinsa inci biyar da rabi, wato wajen milimita 19 da 140. Sunan na tun kafin a busar da shi a goge ne. Wanda ya yi lissafin zanensa da lambar da ke kan takarda, sai ya tarar murabba'insa na ƙarshe ya rasa wurin zama.

Tarko na biyu ya fi wannan zurfi. Katako ba ya daina hulɗa da iska ko da an sare bishiyar da shekara ɗari. Idan laima ta yi yawa sai ya sha ya kumbura, idan iska ta bushe ya fitar ya tsuke. Ba kuma daidai yake motsawa ta kowane ɓangare ba: ta tsawo kusan ba ya motsi, ta faɗi ne yake yi, har ma motsin da yake yi ta gefen da ya bi zoben shekarun bishiyar ya kusan ninka wanda yake yi ta gefen da ya ratsa su. Wannan rashin daidaito ne ke sa allo mai faɗi ya yi kwarmi, gefunansa su ɗaga, har gilashin da aka ɗora a kai ya riƙa rawa. Katakon gini akan sayar da shi da danshin da zai iya kai kashi 19 cikin ɗari, alhali kayan ɗaki na son kashi 6 zuwa 8. Gidajen Amurka kuma, da an kunna na'urar ɗumama ɗaki a hunturu, iskarsu takan bushe ƙarau. Ke nan allon da aka zana a Oktoba zai gamu da jarrabawarsa daidai lokacin Kirsimeti, gaban baƙi.

Maganin ba shi da tsada. A duba katakon tun a shago, a ɗaga shi a hango tsawonsa da ido ɗaya, a ajiye duk wanda ya murɗe. A kawo shi gida a kwantar da shi cikin ɗakin da zai zauna na mako ɗaya ko biyu, da 'yan sanduna a ƙasa don iska ta zaga, kafin zarto ya taɓa shi. Maimakon allo guda mai faɗi, gara a haɗa sirara biyu ko uku gefe da gefe da gam ɗin katako, a matse su su kwana. Haɗin gam da aka yi da kyau yakan fi katakon kansa ƙarfi.

Wasu sukan ɗaura 'yan gajerun sanduna a gicciye ta ƙasa don su hana allon lanƙwasa. Dabara ce mai kyau, amma da sharaɗi: kada a shafe su da gam daga farko har ƙarshe. Sandar gicciye ba ta tsukewa ta tsawonta, allon da ke samanta kuwa yana tsukewa ta faɗi, idan aka hana shi motsi sai ya tsage. Sukuru ake sawa, a faɗaɗa ramukan gefe kaɗan don ya samu wurin zamewa. Sai dai fa duk allon da ke da sanduna a ƙasa ya zama mai fuska ɗaya. Mai son fuska biyu yakan koma ga filawud mai kyau, wanda aka yi da siraran shimfiɗu da kowace ta gicciye ta ƙasanta, don haka ba ya motsi sosai. Sai a rufe bakinsa da siririn katako don kada shimfiɗun su fito. Akwai kuma masu yanka ƙananan sanduna da yawa, su huda su, su zura igiya, ko su manna su a kan ƙyalle mai kauri. Irin wannan ana naɗe shi kamar tabarma a jefa cikin durowa, kuma tunda kowace sanda na motsinta ita kaɗai, maganar kwarmi ba ta taso ba.

Sai guga. Lambar da ke bayan sanfefa tana nuna girman yashinta: ƙaramar lamba kaushi, babba laushi. Akan fara da 80 idan katakon na da kaushi, a wuce 120, a ƙare da 180 ko 220, kullum ana bin tsawon jijiyar katakon, ba a ratsa ta. Duk ƙarcen da aka bari a gicciye, fenti ba ya ɓoye shi, sai ma ya tona shi. A ɗan kashe kaifin bakin allon, domin fenti ba ya kama kusurwa mai kaifi, nan ne yake fara ɓarewa. A share ƙurar tas.

Fayin yana da wani hali da ke ba masu farin fenti haushi. Gurbin da reshe ya fito, wato idon katako, cike yake da ƙaro. A shafa farin fenti yau ya yi fes, bayan wata biyu ko uku sai a ga zoben ruwan ƙasa ya ɓullo ta cikinsa, ko shafi nawa aka ƙara kuwa zai sake fitowa. Abin da ke toshe shi ya fito ne daga jikin ƙwaro. A Indiya da Tailan akwai wani ɗan ƙwaro da ke zama a kan rassan bishiya yana fitar da wani irin danƙo. Shi ake kankarewa, a tace, a narka cikin sifirit, ya zama shelak. Shafi biyu a kan kowane ido, kowane na bushewa cikin ƙasa da awa ɗaya, ya wadatar.

Fentin da aka fi amfani da shi iri uku ne, kowane da halinsa. Akwai akirilik, wanda ake tsarma shi da ruwa, yana bushewa da wuri, launinsa na da ƙarfi, ana kuma wanke buroshinsa da sabulu. Tun tsakiyar shekarun 1950 ya shiga kasuwa, shi ne kuma ya dace da ƙananan zane. Akwai fentin alli, wanda wata 'yar Birtaniya mai suna Annie Sloan ta fito da shi a 1990, ba ya sheƙi, yana kuma kama kusan kowace fuska ba tare da doguwar guga ba. Na ukun shi ne dattijonsu: fentin madara. Ana haɗa shi da sinadarin cikin madara da ke daskarewa ya zama cuku, da farar ƙasa, da garin launi. Garinsa ake saye a kwaɓa da ruwa, a yi amfani da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, don idan ya daɗe yakan lalace. A kan ɗanyen katako nutsewa yake yi ciki, ba ya kwanciya a sama, shi ya sa launinsa ke fitowa da haske nan, duhu can, abin da masu son kamannin tsufa ke nema ke nan.

Wannan son tsufa, gaskiya, yana da ban dariya. Mutum zai sayi sabon katako, ya goge shi sumul, ya yi masa fenti shafi biyu, sannan ya ɗauko sanfefa ya kankare gefuna don ya yi kamar gadon kaka. Wasu har kakin kyandir suke gogawa a kusurwoyi kafin shafi na biyu, don fentin sama ya ƙi kamawa, na ƙasa ya leƙo. Idan an yi kaɗan, a wuraren da hannu zai cinye da gaske, yana da kyau. Idan an zarce, allon yakan yi kama da wanda aka ja a kan titi.

Layi mai kaifi kuwa aikin salatif ɗin takarda ne, wanda Richard Drew na kamfanin 3M ya ƙirƙiro a 1925 don masu fentin mota da ke fama da haɗa launi biyu. Matsalarsa ita ce fenti kan silale ta ƙarƙashin bakinsa, a ɓare a ga layin ya yi gashi. Masu hannu sun san abin yi: bayan an manna salatif an danne, sai a fara shafa bakinsa da launin da ke ƙasa. Idan akwai kafar da za ta yi yoyo, wannan launin ne zai shiga ya toshe ta, ba kuwa za a gan shi ba tunda iri ɗaya ne da na ƙasa. Ya bushe, sannan a kawo sabon launi. A ɓare salatif ɗin a hankali tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba. Ga ganye da tauraro da rubutu, akan yi amfani da leda mai kauri da aka huda siffar a jikinta. Nan ma ƙa'ida ɗaya ce: a tsoma buroshi, a goge kusan duk fentin a kan takarda, sannan a riƙa dangwalawa daga sama, ba a ja.

Bushewa daban, nuna daban. Fentin ruwa yakan bushe a taɓa cikin awa ɗaya, amma kafin ya yi taurin da zai jure nauyin tulu da shafar tsumma yakan ɗauki mako uku zuwa wata guda. Wanda ya gama zane ranar Laraba ya jera kaya ranar Alhamis, zai ɗaga tulun fure ya ga zoben gindinsa ya zauna daram.

Shafin ƙarshe shi ne banish, mai kare zanen daga ruwa da maiƙo. Na mai yana da ƙarfi, amma yana rawaya da tsufa, zai mai da farin dusar ƙanƙara ya koma ruwan zuma. Na ruwa ba ya canza launi, shi ya dace da fari da shuɗi. Shafi biyu ko uku marasa kauri, da 'yar guga mai laushi a tsakani. Abin da aka fi mantawa: a shafe kowane gefe, sama da ƙasa da bakuna, musamman ƙarshen da zarto ya yanka, don ta nan katako ya fi shan laima. Allon da aka rufe fuskarsa ɗaya aka bar ɗaya tsirara, danshi zai riƙa shiga ta gefe guda, kwarmin da aka yi ta gudu ya dawo. Daga ƙarshe a manna 'yan ƙyallaye masu laushi a ƙasa, ko a shimfiɗa masa siririn ƙyalle idan mai fuska biyu ne, kada ya ƙarce teburin da aka zo ƙawatawa.

Tunda abin kusa da abinci zai zauna, akwai wuraren da ba a wasa. Da yawa sukan ɗebo katakon falet, wato dakalin da ake ɗora kaya a kai cikin kwantena, saboda kyauta ne. Ƙa'idar duniya ta ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002, ta wajabta a kashe ƙwarin da ke cikin irin wannan katako kafin ya tsallaka iyaka, a kuma buga masa hatimi. Idan hatimin ya ce HT, zafi aka ba shi, har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na tsawon minti 30. Idan ya ce MB, hayaƙin maganin ƙwari mai guba aka yi masa, a bar shi inda yake. Ko mai HT ɗin ma, idan akwai tabon mai ko wani wari a jikinsa, ba wanda ya san abin da ya zube masa a hanya. Tsohon katako mai tsohon fenti shi ma abin tsoro ne. Amurka ba ta hana fentin gida mai dalma ba sai 1978, gugar irin wannan fenti kuwa ƙurar dalma take watsawa cikin ɗaki. Wanda ya tuna yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake can daga niƙan dutsen zinariya ta fito, ya san abin da ƙurar nan ke yi wa jikin yaro.

Tsumman da aka shafa wa katako man linsid da shi, idan aka dunƙule aka jefa kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Shanya shi ake yi a waje ko a jiƙa shi da ruwa. Kyandir ya zauna cikin gilashi, nesa da busasshen ganye. Tukunya mai zafi ba ta hawa kan banish kai tsaye, abinci ma a faranti yake zama, ba a kan fenti ba.

Ga mai karatu a ƙasar Hausa, launi a kan katako ba baƙon abu ba ne. Allon zayyana da ake yi wa wanda ya sauke Alƙur'ani ya isa shaida, da murabba'ansa da layukansa masu tsari. Wanda ke son gwada na tebur, ko don teburin falo lokacin Sallah, ba ya buƙatar fayin. Obeche, mai haske da rashin nauyi, yana karɓar fenti da kyau, malaina ma ba ta cika murɗewa ba idan ta bushe. Abin lura shi ne yanayinmu ya fi na gidajen Amurka tsanani ga katako. A Kano laimar iska kan faɗo ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar hunturu, ta haura 70 a watan Agusta. Tsakanin waɗannan biyu, allo mai faɗin santimita 30 zai iya tsukewa da kusan rabin santimita. Katakon da aka yanko daga dazukan kudu aka sauke a kasuwa da damina, idan aka zana shi nan take, Janairu ne zai nuna halinsa. Gara a saya a ajiye, a yi aikin bayan iskar hunturu ta gama busar da shi, a rufe ƙofa da taga lokacin shafa banish saboda ƙura.

Idan lokacin allon ya wuce aka ɗauke shi, ba a jingine shi a bango, don nauyinsa kaɗai zai lanƙwasa shi cikin 'yan watanni. A kwance ake ajiye shi, a wuri mara rana, a naɗe da tsohon zane. Leda ba ta dace ba: tana riƙe danshi, a lokacin zafi kuma takan manne wa banish ta bar masa tabo.